Shekarar da Arlene Dunbar Ta Daina Yarda da Idonta

Na yi shekaru ina raba wasiƙu a garin Marietta, kuma a layin da nake bi kowace safiya babu ƙofar da na fi daɗewa a bakinta kamar ta Arlene Dunbar. Shagonta ɗan tsukuku ne, tsakanin wurin wankin kaya da kantin kayan kamun kifi, a titin da ke gangarawa bakin kogi. A jikin gilashin an rubuta sunanta da farin fenti, a ƙasa kuma an sa "Ana cike takardun haraji". Wasu haruffan sun goge tun kafin in fara aiki, ba ta taɓa sa an gyara ba. Ta ce duk mai nemanta ya san ƙofar.

Gadon sana'ar ta yi, ko da yake ba wanda ya tsara hakan. Mahaifinta mai aski ne a wannan shagon. In lokacin haraji ya zo, ma'aikatan masana'anta sukan zo aski da takardunsu a aljihu, shi kuma da yake ya ɗan iya lissafi sai ya taimaka musu bayan ya ajiye almakashi. Arlene tana 'yar sakandare ta fara zama a teburin baya tana tara masa lambobi. Kafin ta gama makaranta mutane sun daina jiran uban, ita suke tambaya. Da ya rasu aka fitar da kujerun askin, aka bar madubin, don an manne shi da bango yadda ba zai ciru ba sai an fasa. Shi ya sa duk wanda ya zauna a gabanta yana jin abin da gwamnati za ta karɓa a hannunsa yana kuma kallon yadda fuskarsa ke sauyawa.

Gajeruwa ce, mai saurin magana, tabaronta rataye da 'yar sarƙa a wuya. Mijinta Vernon ya yi aiki a jiragen dakon kwal na kogi har injin ya cinye masa rabin ji. 'Yarsu ɗaya, Renee, nas ce a birnin Columbus. Arlene tana da barkwanci, ana tsokanarta tana ramawa, amma akwai abu ɗaya da ba a taɓa mata, wato mahaifiyarta. Matar ta yi tsawon rai, sai dai hankalinta ya riga ta tafiya. Abin ya fara mata tana da shekara sittin da 'yan kai, kuma da lambobi ya fara. Ta kasa karanta agogo, ta kasa ba da canji a kantin da take aiki. Daga baya ko 'yarta ba ta ganewa. Arlene ta yi jinyarta a gida har ƙarfinta ya ƙare, sannan ta kai ta gidan kula da tsofaffi, inda ta rasu.

Abincin Arlene na shekara duka a cikin wata uku take samunsa, daga ƙarshen Janairu zuwa sha biyar ga Afrilu, ranar da wa'adin haraji ke cika. A da aikin yana tafiya da tsari. Masu albashi su ke fara zuwa, kowa da 'yar takardarsa guda daga wurin aiki, ta gama da su kafin kofi ya huce. Masu hannun jari kuwa ba su da yawa a garin, likitan haƙori ne, da wani lauya, da matan manyan masana'anta da mazajensu suka rasu suka bar musu. Su sai sun jira kamfanin dillancin hannun jari ya aiko musu da takardar da ke nuna abin da suka saya, da abin da suka sayar, da ribar da suka samu. Takardar takan zo tsakiyar Fabrairu, ta cike musu, shi ke nan.

Sai waya ta shigo cikin lamarin. Kowa ya sa manhajar sayen hannun jari a wayarsa, kowa ya zama mai hannun jari. Bakanike, mai gyaran famfo, matar da ke sayar da kofi a gidan mai, kowa yana sayen ɗan guntu a nan ɗan guntu a can yana jiran ya wayi gari attajiri. Takardun kuma suka fara makara. Fabrairu ta koma Maris. Wani sa'in takardar ta zo, a cike, a aika wa hukumar haraji, bayan mako biyu wata ta biyo ta da tambarin gyara a goshinta, a sake aikin daga farko.

Shekarar da nake son in ba da labarinta Arlene tana da sittin da uku. Fabrairun ta zo mata da wani irin zama da ba ta saba ba. Aiki ya cika shagon amma babu wanda za ta iya gamawa. Ta samo kwalayen ayaba daga babban kanti ta jera su a ƙarƙashin madubi, ta rubuta "masu jira" a jikin kowanne. Fayil ya shigo, ta yi masa rabin aiki, ya shiga kwali. Ina shiga da safe ina kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi sai in tarar da ita zaune ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"Curtis, me ka kawo min?"

"Takardar wutar lantarki da tallan katifa."

"Ba nawa nake tambaya ba. Ka kai wa mutane irin dogayen ambulan ɗin nan masu taga?"

"Arlene, kin san ba na faɗin wasiƙar mutane."

Sai ta sa tabarau ta ƙare wa fuskata kallo. "Ba ka kai ba. Da ka kai da ka fi haka fara'a."

Cikin masu jiran akwai Floyd Hendershot, direban motar 'yan makaranta. Ƙato ne mai dariya, sai dai dariyar ta ragu tun da aka cire masa haƙoran gaba. 'Yarsa za ta yi aure a watan Mayu, kuma ya riga ya yi wa kansa alkawarin zai shiga hoton bikin da sababbin haƙora. Da kuɗin da hukumar haraji ke mayar masa kowace shekara yake son biyan likita. Ina cikin shagon ranar da ya zo karo na farko, ya zauna kujerar ta yi ƙara.

"Arlene, don girman Allah ki aika min abin nan yau."

"Ina takardar dillalanka?"

"Wace takarda kuma? Ni ban sayar da komai ba."

"Bara ma haka ka ce."

"To bara na manta ne. Bana na tuna sarai."

"Miƙo wayar."

Ya miƙa yana ƙunƙuni. Ta yi ta jan yatsa a kan gilashin, ta ja, ta ja, jerin bai ƙare ba. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Floyd, kai da ko kuɗin fetur sai matarka Darla ta ƙirga ta ba ka, yaushe ka zama dillalin kasuwar New York? Mene ne wannan duka?"

"Wallahi ban sani ba. Surukina ne ya danna min wani abu, wai ita wayar za ta riƙa yi da kanta."

"To ta yi. Ta saya ta sayar duk shekara, kana can kana tuƙa 'ya'yan mutane. Ba zan sa hannuna a kan abin da ban gani ba."

"Ke dai kin cika son wahalar da bawan Allah. Ki ƙiyasta mana."

"In ƙiyasta, su ƙiyasta maka tara."

Suka kira kamfanin a gabana, ta buɗe muryar wayar. Na'ura ta yi ta gode musu tana sa musu kiɗa. Na je na raba wasiƙun rabin layin na dawo, kiɗan bai tsaya ba. Can wata yarinya ta ɗauka, da ladabi ƙwarai. Ta ce su ma jira suke, don kamfanonin da aka zuba kuɗin Floyd a cikinsu ba su gama tantance wanne ne riba wanne ne uwar kuɗi ba. Arlene ta ce to su waɗancan wa suke jira? Yarinyar ta ce gaskiya ba ta sani ba. Ta ce a duba ƙarshen wata. Da ƙarshen watan ya zo sai saƙo ya shigo wayar Floyd, wai tsakiyar Maris.

A tsakiyar Maris ɗin kuwa komai ya fashe a lokaci guda. Takardun da aka yi makonni ana jira suka zubo cikin 'yan kwanaki. Mutane suka cika shagon har kan dandamalin waje, kowa da ambulan a hannu, kowa yana ganin shi ya fi daɗewa yana jira. Wata mata ta ce wa Arlene a gaban jama'a, "Bara a Fabrairu kika gama min, bana ko tsufa ne?" Arlene ta yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai idonta ba. Vernon ya fara zuwa yana taya ta, yana amsa wayar da ba ya jin abin da ake faɗa a cikinta, yana dafa kofi, yana jera fayil.

Floyd ya buga tasa takardar a laburaren gari ya kawo ranar wata Litinin. Tuli guda ce, shafin farko yana ɗauke da jimla, sauran kuma layuka ne ƙanana kamar tururuwa. Arlene ta kwashe yinin tana shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, don ba ta yarda da a zuba mata lambobi ba ta gan su da idonta ba. Ta gama, jimla ta yi daidai, ta ce ya zo da Darla ranar Alhamis su sa hannu.

Al'adarta ce kafin a sa hannu ta sake bin aikin da fensir. Ranar Alhamis da safe ta buɗe fayil ɗin Floyd, ta ɗora fensir a layin farko, ta dubi kwamfuta. Lambar da ke takarda ta ƙare da biyu, wadda ta shigar ta ƙare da bakwai. Ta ce to, yatsa ne ya zame. Ta duba layi na biyu, shi ma daban. Na uku daidai. Na huɗu daban. Ta juya zuwa shafin farko, jimlar da ke can ita ce jimlar da ke kwamfuta, ba ko kwabo na bambanci. Ta ɗauki na'urar lissafi ta tara layukan takardar, suka ba ta wata jimlar daban. Ta sake tarawa, haka. Ta rasa ta yadda za a yi ta shigar da lambobin da ba su ne a takarda ba, kuma su haɗu su ba ta jimlar da ke takarda.

Da na shiga na tarar da ita tsaye a gaban madubi, fensir a hannu.

"Curtis, zo ka karanta min layin nan."

Na karanta. Ta nuna min kwamfuta, na karanta wancan.

"Ɗaya ne?"

"A'a."

"To ni na rubuta shi. Ranar Litinin na kalli wannan takardar na rubuta wancan."

"Gajiya ce, Arlene. Kowa yana kuskure."

"Kuskure ɗaya ake yi, ko biyu. Ba a yin shafi shida." Ta ajiye fensir ɗin a hankali. "Kuma na tuna bakwai ɗin. Ina ganinta yanzu haka a idona."

Na ajiye wasiƙunta na fita. Floyd da Darla suka zo, ta ce musu ba a gama ba. Floyd ya fara hayaniya, Darla ta dubi fuskar Arlene sau ɗaya ta ja hannun mijinta suka tafi.

Daga ranar aikin ya canza. Ta koma kan fayilolin da ta riga ta gama tana sake binsu. A yawancinsu ba ta sami komai ba. A guda biyu ta sami kuskure na gaske, ƙanana, irin waɗanda a wata shekarar za ta gyara ta wuce ko a jikinta. Bana kuwa ta zauna tana kallonsu. Ta fara bin kowane layi sau uku, aikin da take yi a awa ɗaya ya koma cin rabin yini, kwalayen ayaba suka ƙi raguwa. Ta kira wani mutum da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Ta nemi makullin mota ta rasa, ashe yana jikin ƙofar shagon tun safe. Duk wanda ya yi makonni yana barci rabi da rabi zai iya yin waɗannan, ni ma na gaya mata haka. Ta ce, "Mama ma haka muka yi ta ce mata."

Ana cikin wannan tsananin, kwanaki kaɗan suka rage Maris ta ƙare, na zo na tarar da shagon a rufe da rana tsaka, mutane suna leƙe ta gilashi. Ba ta taɓa yin haka ba a lokacin haraji, ko ranar da aka haifi jikarta sai da ta gama da mutanen da ke layi. Daga baya ta gaya min asibiti ta je, ba tare da ko Vernon ya sani ba.

Likitar matashiya ce. Ta ba ta takarda ta ce ta zana agogo, ta zana. Ta faɗa mata wasu kalmomi ta ce ta riƙe, za ta tambaye ta an jima. Ta ce ta fara daga ɗari tana cire bakwai bakwai.

"Dakta, wannan ai sana'ata ce. Ko hankalina ya tafi gaba ɗaya zan iya yi miki shi. Ki tambaye ni wani abin."

Ta cire har ta kusa ƙasa. Kalmomin kuma ta kawo duka sai ɗaya, wadda ta tuna bayan ta shiga mota. Likitar ta ce ba ta ga abin tsoro ba, amma ba za ta iya rantsewa ba, don mutumin da bai yi barci ba ba a gane gaskiyar kansa. Ta ce ta huta ta dawo a watan Mayu.

"In huta," in ji Arlene da take ba ni labari. "Kamar ka ce wa mai iyo a tsakiyar kogi ya ɗan zauna. Na shiga ban sani ba, na fito ban sani ba, kuma na biya."

Washegari da safe suna karyawa ita da Vernon, ta ajiye cokali ta ce yana jinta? Ya juyo mata da kunnensa mai kyau.

"In abin Mama ya same ni, kar ka kai ni inda na kai ta. Ka kira Renee ta zo ku yi shawara, amma ba can ba."

"Me ya kawo wannan maganar?"

Sai ta gaya masa komai, fayil ɗin Floyd, bakwai da biyu, asibiti, agogo. Vernon da kansa ya faɗa min cewa tun tana tsakiyar magana ya gane abin da ya faru. Ya san tana cikin damuwa kwanakin nan, amma ya ɗauka yawan aiki ne, don ita ba ta faɗa ba, shi kuma rabin abin da ake yi a shagon ba ya ji.

"Arlene," ya ce, "fayil ɗin Floyd kika ce?"

"Shi."

"Na zubar masa da kofi."

Ranar Laraba, ana gobe Floyd da Darla za su zo sa hannu, tana banki, ya ɗauki fayil ɗin zai mayar kwali, kofi a ɗaya hannun. Fayil ya suɓuce, kofi ya bi shi. Shafin farko ya tsira don ya faɗa gefe, sauran suka jiƙe sharkaf. Ya san halin matarsa a kan takardun mutane. Sai ya kira Floyd a ɓoye ya ce ya taimaka ya sake bugo masa a laburare, kar ya faɗa. Floyd ya kawo da yamma. Vernon ya cire sabon shafin farko ya jefa a shara, tunda tsohon yana nan lafiya har da alamar fensir ɗinta a jiki, ya haɗa tsohon da sababbin shafukan, ya mayar. A ganinsa takarda ɗaya ce aka buga sau biyu.

Arlene ta tashi ta sa kwat a kan rigar barci, ta ɗauki mota sai gidan Floyd. Ta same shi yana ɗumama motar makaranta.

"Buɗe min wayarka."

"Ina kwana dai, Arlene."

"Floyd, buɗe."

Ya buɗe. Takarda ɗaya ce kawai a ciki, a saman shafin farko ga tambarin gyara, da kwanan watan Talatar makon da Floyd ya kawo takardar. Kamfanin ya cire ta farkon ya sa gyararriya a wurinta kwana ɗaya bayan ta gama aikin. Sun aiko wa Floyd saƙo, yana nan cikin ɗaruruwan saƙonnin da bai taɓa buɗewa ba.

"To ai kin ga ba laifina ba ne," in ji Floyd. "Mijinki ne ya ce in yi shiru. Ni ina zan san takarda tana canzawa da kanta?"

"Kai da shi, da za a haɗa kawunanku a auna, ba za su kai nauyin wannan wayar ba."

"Yanzu dai za a samu kuɗin haƙoran?"

Ta ce ta juya ta shiga mota ta zauna, ta kasa tayar da ita. Na ɗauka za ta ce min ta yi kukan murna. Ta ce a'a, ba ta san me ta ji ba. Bakwai ɗin gaskiya ce, idonta bai yi mata ƙarya ba. Amma kurakuran nan biyu fa, ba Vernon ya yi su ba. Sunan mamacin da ta kira, da makullin mota, da kalmar da ta ɓace mata a gaban likita, babu kofin da ya zube a kansu. Shin tsoro ne ya jawo su, ko dama suna nan tsoron ya sa ta lura? Ta tambaye ni kamar ni zan sani.

Ta yi kwana biyu ba ta yi wa Vernon magana ba. Shi kuma ya ci gaba da zuwa shagon yana zama a lungu, ya daina taɓa kofi, ya daina taɓa fayil, sai buɗe wa mutane ƙofa. A rana ta uku ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Wannan zaman naka kamar na mai zaman makoki yana korar min mutane. Je ka sayo mana burodi da naman talotalo." Ya fita da sauri har ya manta hularsa.

Lokacin da ta ɓata ba ya dawowa. Da Afrilu ta kama ta tsaya ta dubi kwalayen ta san ba za ta gama ba. Abin da ba ta taɓa yi wa mutane da yawa haka ba shi ta yi, ta nema musu ƙarin wa'adi daga hukumar haraji. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya tana bayani, cewa ƙarin lokacin na aika takarda ne kawai, wanda ake bi sai ya biya yanzu. Yawancinsu ba su gane ba. Wani ya ce in an ba shi lokaci don me zai biya, in kuma zai biya ina amfanin lokacin? Ta ce masa ita ma ta daɗe tana wannan tambayar. Wasu suka kwashe fayilolinsu suka kai babban ofishin cike takardun haraji da ke bakin babbar hanya, ciki har da mutanen da mahaifinta ya yi wa aski. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna.

Na Floyd ta sake shi da gyararriyar takardar ta aika. Bayan mako guda ni da hannuna na saka dogon ambulan mai taga a akwatin gidansa. Da rana sai ga shi a shagon yana riƙe da shi da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera. Gyara na biyu ne. Arlene ta buɗe ta karanta, ta ajiye, ta sa tabarau ta sake karantawa, sannan ta miƙo min.

"Curtis, karanta min kwanan watan da ƙarfi. Floyd, kai ma karanta. Vernon, zo nan ka gani da idonka. Ina son shaidu."

Dole aka aika wa hukuma takardar gyara, kuɗin Floyd kuma bai fito ba sai cikin bazara. An yi bikin 'yarsa ba haƙoran. Na ga hotunan, a kowanne ya rufe baki gam ya buɗe ido, kamar wanda ya haɗiye magana. Darla ta ce bai taɓa yin kyau haka ba.

A watan Mayu Arlene ta koma asibiti, Renee ta zo daga Columbus ta raka ta. Aka sake gwajin, ta kawo kalmomin duka. Likitar ta ce a riƙa dubawa duk shekara. Arlene ta tambaye ta ko hakan na nufin lafiyarta lau, likitar ta ce yana nufin yau ba ta ga komai ba. Arlene ta ce kowa a ƙasar nan ya koyi ba da amsar da za a iya gyarawa daga baya.

Shekarar da ta biyo ta liƙa takarda a ƙofa, cewa duk mai hannun jari kar ya kawo mata komai kafin ƙarshen Maris, kuma ya zo da shirin neman ƙarin wa'adi. Mutane suka yi ta gunaguni, wasu suka tafi, wasu da suka tafi bara suka dawo. Ta ƙara shekara huɗu tana aikin. Abin da ya tsayar da ita a ƙarshe gwiwa ce, ta kai ba ta iya zama na awanni. Suka sayar da gidansu suka koma kusa da Renee.

Na kai musu ziyara bara, bayan ni ma na ajiye jakar wasiƙu. Na same ta a baranda tana ɓare wake, Vernon yana barci a kujera da jarida a ƙirji. Muka yi hirar mutanen garin, wa ya rasu, wa ya sake aure. Ta tambaye ni wa ke cikin shagon yanzu, na ce wasu yara ne masu gyaran waya.

"Suna samun mutane?"

"Ba laifi. Ranar Asabar har layi ake yi."

"To madalla. Ka ce musu bututun bayan nan yana daskarewa a Janairu, su riƙa barin famfo yana ɗiga." Ta tura min kwanon waken. "Ungo, taya ni. Ba ka zo nan don ka zauna hannu sake ba."